Ta-Jabo Ta Rasu a Hanyar Fakku

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, Malam Halliru Makaniki na bakin tashar Tambuwal yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin hanyar Sakkwato zuwa Jega, da duk wanda ya taɓa tura kitikarsa, ƙaramar motar nan tasa ta kaya, cikin rairayi, rasuwar tukunyar tace iskar motarsa, wadda makanikai ke ce wa eyakilina, shi kuwa yake kiranta Ta-Jabo. Ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar, cikin bazarar bana ta 1962, a kan hanyar Fakku, bayan jinyar da ba ta kai wuni ba. Ta rasu tana bakin aiki. A cikin motar akwai allurar shanu kwance cikin akwatin ƙanƙara, ƙanƙarar na narkewa, a can gaba kuma shanun gida bakwai na tsaye cikin rana suna jiran alƙawarin da Halliru ya ɗauka da bakinsa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, kada a yi wa mamaci ƙarya, ba wata kyakkyawa ba ce. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai murfi, da wuya a tsakiyarta, tana zaune a kan kafireta mai ba inji fetur. A gindinta ana zuba baƙin mai har ya kai wani zane, a samanta kuma a cusa abin da zai tare ƙura. Duk iskar da inji zai shaƙa sai ta bi ta cikinta, yashin ya faɗa cikin man, injin ya sha mai tsabta. Aikinta ke nan tun safe har yamma, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya gode mata sai mutum ɗaya.

Ba a san ranar haihuwarta ba. An dai san daga Ingila ta zo, tun kafin babban yaƙi. Sa'ad da Halliru ya karɓi kitikar daga hannun wani Bature mai awon gyaɗa da ke haramar komawa gida, ya ɗaga murfin inji ya tarar da kafireta tsirara, bakinta a hangame. Ashe wani direban Baturen na dā, mai rawar kai, shi ya cire tukunyar ya yar a hanya, wai tana shaƙe mota. Allah ya shirye shi in yana raye.

Shekara biyu Halliru na yawo da zare a aljihu, ya ƙulla shi daidai kewayen wuyan kafireta. Duk gwangwanin da ya gani da rami a tsakiya sai ya durƙusa ya gwada. Ya gwada ta wata tsohuwar lori a Jega, wuyan ya yi faɗi. Ya gwada wata a Sakkwato, ta yi tsawo, murfin inji ya ƙi rufuwa. Har 'yan tasha suka fara raɗa cewa makanikinmu ya taɓu.

A Jabo ya same ta. Ya je suna gidan wata dattijuwa, Na'inna, an ajiye masa tuwo, sai idonsa ya faɗa kan abin da agwagi ke shan ruwa a ciki. Ya bar tuwon ya nufi agwagin, ya zaro zarensa, ƙulli ya hau kan ƙulli. Bai yarda ba tukuna. Ya yanka lemun tsami ya yi ta shafa gefenta har lambobi suka fito daga ƙarƙashin tsatsa, suka zo ɗaya da waɗanda ke jikin kafireta. Murfin kuwa yana nan a ƙofar gidan, an rufe tulu da shi, da wata lotsawa a kansa. Da ya kawo shi gida ya ɗora, lotsawar ta zauna daidai wani tabo da ke cikin murfin inji. Nan Halliru ya zauna a ƙasa ya yi hamdala. Agwagin Na'inna suka sami sabon kasko, tulun ya sami faifai.

Wata uku yana jinyarta. Tsatsa ta cinye gindinta har ya koma kamar ɓawon albasa, kuma ya san tsatsar ce ke riƙe da ita, don haka bai kankare ba. Da gashin kaza da kananzir ya lallaɓa ta, ya toshe huda tara da dalma, ya shafe ta da baƙin fenti har hawa uku. Ragar cikinta ta riga ta ruɓe. Ardo Sambo ne ya fid da shi, Bafillacen da shanunsa ke sauka gonar gidan su Halliru kowace rani tun zamanin iyayensu. Ya yanko masa gashin wutsiyar shanu, Halliru ya wanke, ya naɗe, ya cusa. Ranar da aka sami 'yancin kai, jama'a na can fili wajen tuta da kiɗa, shi yana gareji yana ɗaura ta. Ya murza ƙarfen tayarwa, ta ja numfashinta na farko, “fuuu-shap, fuuu-shap.”

Wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ta haɗiyi jan ƙasar hanyar Kebbe, ta haɗiyi ƙurar garke da ta 'yan kasuwa, ba ta taɓa mayar wa inji da ƙwayar yashi ɗaya ba. In mota na hawan tudu takan ce “huuum.” In ta ƙoshi da datti sai ta ce “hik, hik,” ba ta wuce haka. Da Halliru ya ji, ko gaggawar me yake yi, zai tsaya ya sauke ta, ya ɗauraye gashin da kananzir, ya tace man da tsumma ya mayar. Kuma shi kaɗai. Ko ƙaninsa na ciki ɗaya bai yarda ya taɓa ta ba.

Ga yadda ciwon ajali ya zo.

Cutar bushiya ta ɓulla kudu da Kebbe, shanu na faɗuwa ana jan su bayan gari. Fulani na tsoron cutar, suna kuma tsoron allura, wai tana ƙafar da nono. Halliru ne ya bi Sambo har ruga ya yi ta roƙonsa, har ya yarda zai tara garken gida bakwai kusa da Fakku ranar Alhamis. Da za su rabu Sambo ya riƙe masa riga.

“Halliru, don kai nika tara su, ba don takardar kowa ba. In rana ta faɗi ba ka zaka ba, ba ni iya riƙon kowa. Kowa shi kama dajinai.”

Halliru ya san abin da wannan ke nufi. In suka watse, cutar za ta bi kowane garke inda ya nufa, kuma shi ne zai zama wanda ya haɗa lafiyayyu da masu ciwo wuri guda a banza.

Ranar Alhamis da hantsi malamin dabbobi, Malam Atiku, ya sauka Tambuwal da akwatinsa, ƙanƙara a ciki an binne ta da dusar katako. Motar da za ta wuce da shi ta karye a hanya, saura kitikar Halliru. Atiku ya buɗe akwatin ya nuna masa. Ƙanƙarar ta kai girman kan mutum.

“Malam Halliru, in wannan ta ƙare, abin da ke cikin kwalaben nan ya zama ruwa. Ko mun yi musu, mun yi aikin banza.”

Suka kama hanya, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mota. Kafin su shiga Kebbe injin ya shanye ɗan baƙin man da Halliru ke ajiyewa a kwalba, kwalbar kananzir kuma ta fashe a wani gargada. Da azahar suna shiga gari, ƙanƙarar ta koma dunƙulen hannu biyu, Ta-Jabo kuwa tana ta “hik, hik, hik.” Ba yadda za a shiga rairayin Fakku da ita a haka.

Suka tsaya ƙofar gidan Dada, mahaifiyar Sambo, wadda ƙafa ta hana bin shanu ta zauna a gefen gari. Halliru ya sauke tukunyar. Don kada awaki su bi ta kanta, ya shigar da ita cikin gida ya ajiye a inuwa, ya ruga kasuwa neman kananzir. Atiku ya tafi rijiya jiƙa buhunan da aka lulluɓe akwatin da su. Kaico! Shekara biyu bai bari kowa ya taɓa ta ba, rannan ya bar ta ita kaɗai rabin sa'a.

Duk Kebbe an san ƙoren Dada. Tun tana budurwa take cuɗa su da yashi da toka har su yi fari fat, kuma a tsawon rayuwarta kwanon baƙo bai taɓa fita gidanta da dauɗa ba, bai taɓa fita wofi ba. Ta fito ta ga tukunyar baƙonta baƙa ƙirin, ta ɗaga murfi ta ga wani baƙin ruwa mai yauƙi da curin gashi a ciki. Ta yi salati. Ta tuttule man a juji, ta jefa gashin a murhu, ta jawo kujera ta zauna da yashinta da tokarta. Tsohuwa ce, amma wallahi hannun nan bai tsufa ba.

Ƙaurin gashi ne ya tarbi Halliru tun daga ƙofa. Ya shiga da kwalbar kananzir a hannu, ya tarar da Dada tana murmushi, a gabanta wani abu na walƙiya, an cika shi da man shanu.

“Halliru, ɗana, matarka ba ta da hannu na? Wagga tukunya taka ko kare ba shi ci ciki. Na cuɗe ma ita, duba, har huskarka kana gani. Ga ɗan mai nan ka kai ma ɗiya.”

Ya ɗaga ta. Fenti babu, dalma babu, lambobin da ya fito da su da lemun tsami babu. Man shanu na tsiyaya ta gindi yana bin yatsunsa. Ya fara ƙirga hudojin, da ya kai ashirin ya daina. Atiku da ke bayansa ya buɗe baki zai yi magana, Halliru ya taka masa ƙafa. Uwar amininsa ce, a gidanta yake, kuma alheri ta yi masa iyakar saninta. Ya durƙusa har ƙasa.

“Na gode, Inna. Allah shi saka da alheri.”

“Amin, ɗana. Mi aka yi anka yi godiya?”

Ya ce a rubuta cewa tun da aka haife shi bai taɓa furta maganar da ta yi masa nauyi kamar wannan godiyar ba.

A waje suka tsaya cirko-cirko. Tafiyar da ta rage rabinta rairayi ne. In aka tafi da kafireta a buɗe, injin zai sha yashi ya tsaya kafin a kai ko'ina. In aka tsaya neman mai dalma, ƙanƙara ba ta jiran kowa. Halliru ya koma ya roƙi Dada sabulun salo, ya murje shi ya liƙe hudojin ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance rawanin da yake rufe hanci da shi, ya yage rabi, ya tsoma cikin man shanun ya cusa a madadin gashi. Sauran man ya bar shi a gindinta, tun da baƙin mai babu. Ya ɗaura ta, ya roƙe ta gafara a zuci, ya tayar.

Muryarta ta canja. Ba “fuuu-shap” kuma, sai “harr, harr,” irin na mai ciwon ƙirji. Amma ta ja. Mota ta shiga rairayi tana tangaɗi, ƙamshin man shanu ya cika ta kamar ana toya masa. Atiku ya ɗauko akwatin ya rungume a cinya, ko yaushe sai ya ɗaga murfi ya leƙa.

“Ta koma ƙwan agwagwa.”

“Malam, don Allah bar buɗe ta! Kowane leƙe naka shina cin rabonai.”

La'asar ta yi suna tafe. Zafin inji ya fara narkar da sabulun, man ya sami hanya, yana ɗiga a kan bututun hayaƙi da ke ƙarƙashinta. Halliru ya ji ƙamshin ya juye ya zama ƙauri. Ya ga wani siririn hayaƙi na fitowa ta gefen murfin inji. Bai tsaya ba. In ya tsaya cikin wannan rairayi mota za ta nutse, mutum biyu ba za su fid da ita ba. Akwai fako a gaba, ƙasa mai tauri, ya san wurin. Ya danne totur ya kafa ido.

Can sai ga ƙura ta tashi daga wajen Fakku, doguwa, tana miƙewa yamma. Wani gida ya gaji da jira, ya fara kora nasa tun rana ba ta faɗi ba. Halliru ya kwanta a kan hon. Ta-Jabo ta ce “harr, harr, harrr,” ƙafafun gaba suka hau fako, sai ta ce “ɓuf!”

Wuta ta leƙo ta gefen murfi. Ƙarƙashin tukunyar kafireta ce cike da fetur, kuma taku ɗaya ne tsakaninta da cinyar Atiku da akwatin. Halliru ya kashe mota ya dira, ya wancakalar da murfin inji. Tukunyar na ci bal-bal, rawanin ya zama lagwani. Notin da ke riƙe da ita na hannu ne, mai kunne biyu, yana tsakiyar wutar. Sifana na can ƙarƙashin kujera, ba lokacin nemansa. Ya sa babban yatsa da manuni ya kama notin. Murɗa shida yake da ita, ya san su sarai, ya yi su duka shida. Ya tallabo ta da hannu biyu ya yi jifa da ita cikin rairayi. Atiku ya bi ta da yashi yana watsawa da ƙafa. Maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce “tsss.”

Saura kamar mil ɗaya. Atiku bai iya tuƙi ba, Halliru kuwa hannunsa ba ya rufuwa. Atiku ya cire hularsa ya kifa a bakin kafireta ya ɗaure, ya murza ƙarfen tayarwa, sau huɗu kafin ta kama. Halliru ya riƙe sitiyari da damtsensa, yana faɗa, Atiku na sa giya. Haka suka isa, suka tarar da Sambo tsaye a gaban garken da ke shirin tafiya, ya gitta sandarsa, ana ta cacar baki da Fillanci.

Atiku ya tona dusar katako da yatsa, ya tona, ya sake tonawa. Ya fito da ƙanƙara kamar ƙwayar goro. Ya ɗora kwalba ɗaya a kumatunsa, ya rufe ido, ya daɗe.

“Da sanyinta. A kawo su.”

Har magariba ana kama shanu. Sambo ya zo ya dubi hannuwan Halliru, ya daɗe yana dubawa. Ya shiga bukka ya fito da zuma ya shafa masa da kansa. Kwana tara ke nan yau, kuma labarin da ya zo daga Fakku shi ne cikin waɗanda aka yi wa allura ko maraƙi bai faɗi ba. Alhamdu lillahi.

Marigayiyar ta bar uwar ɗakinta kitika, wadda ta sha yashin mil ɗaya ta cikin hula, tana kwance a gareji tana tari. Ta bar kafireta, wadda ta sake komawa marainiya. Ta bar filogi huɗu, da lagireto mai yawan tafasa, da agwagin Jabo da suka rene ta. Ta bar Halliru, wanda maiɗakinsa Asiya ke ba shi tuwo a baki yanzu, yana ci yana kunya.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi a bayan gareji, gindin tsamiya. Liman ya ce ƙarfe ba ya bukatar salla, har ya fara dariya, da ya dubi Halliru sai ya fasa, ya ce zai zo ya tsaya. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi mata. Za a naɗe ta da rabin rawanin da ya rage. Ardo Sambo ya aiko cewa kada kowa ya taɓa haƙan ramin, yana tafe da ƙafa daga Fakku.

Akwai roƙo biyu ga masu zuwa. Dada ta ji cewa Halliru ya yi rashi, ta ce sai an ɗora ta a jaki an kawo ta, kuma ta aiko tana murna cewa ko ba komai tukunyar ta tafi da tsabtarta. Duk wanda ta tambaya, ya ce tsufa ne ya kashe tukunyar, ƙunar hannun Halliru kuma ruwan lagireto ne. Wanda ya san bakinsa ba ya riƙe magana, ya yi zamansa a gida, an yafe masa.

Na biyu, za a yi zaman makoki kwana uku a gareji. Malamin asibiti ya kwance bandeji jiya, ya ce hannun hagu zai warke, amma babban yatsa da manuni na dama ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Don haka wanda ya zo ta'aziyya kada ya miƙa wa Halliru hannu. A gaishe shi da baki, zai amsa.